Kafin A Ɗaga Tutar Rasha, A Karanta Labaranta

A farkon watan Agusta na shekarar 2024, lokacin da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a ƙasar nan, an ga samari a titunan Kano da Kaduna suna ɗaga wata tuta mai launi uku, fari da shuɗi da ja. Tutar Rasha ce. Hukuma ta ce wannan cin amanar ƙasa ne, aka kama waɗansu daga cikin samarin, har da telan da aka ce shi ya ɗinka tutocin. Shekara guda kafin nan an ga irin wannan tuta a Yamai, bayan da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a watan Yuli na 2023. Tun daga lokacin sunan Rasha bai bar bakin jama'a ba, a teburin mai shayi da tashar mota da majalisar dattawan unguwa. Wani ya ce ita ce mai ceton talaka daga hannun Turawan Yamma, wani ya ce ita ce sabuwar 'yar mulkin mallaka.

Abin tambaya a nan shi ne, cikin masu ɗaga tutar da masu kama su da masu gardama a kansu, mutum nawa ne zai iya faɗin yadda talakan Rasha yake zaune da hukumarsa? Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda yake son ya san wata al'umma, jawabin shugabanta ba zai ishe shi ba, domin shugaba abin da yake so a ji shi yake faɗi. Hanya mafi kusa ita ce ya karanta abin da marubutan ƙasar suka rubuta a kan akawunta da ɗan sandanta da manominta da marayanta. A wannan fanni kuwa Allah ya yi wa Rashawa baiwa, musamman wajen gajeren labari, watau labarin da mutum zai karance a zama ɗaya. Saboda haka ya kamata jami'o'in Arewa, Jami'ar Jos a kan gaba, su ba gajerun labaran Rasha gurbi mai ƙarfi a cikin manhajarsu, su kuma sa ɗalibai su juya su zuwa Hausa.

Su Sun Daɗe Da Karanta Hausa

Nijeriya da Tarayyar Sobiyet sun ƙulla huldar jakadanci tun shekarar 1960. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Sobiyet ce ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen saman yaƙi sa'ad da waɗansu ƙasashen Yamma suka noƙe. Janar Yakubu Gowon, ɗan Jihar Filato, ya kai ziyara Masko a 1974. A 1979 aka ba wani kamfanin Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. A tsawon waɗannan shekaru 'yan Nijeriya da yawa sun tafi Masko da Leningrad da Kiyef suka karanto likitanci da injiniyanci, suka dawo suna jin Rashanci. Aikin asibiti da na masana'anta aka tura su koyowa, shi suka kawo. Littattafan hikaya ba su cikin saƙon.

Su kuwa Rashawa tuntuni suka sa Hausa a gaba. Shehun malami Dimitiri Oldaroge na Leningrad ya buga littafin koyon Hausa a 1954, shi ne kuma ya shugabanci aikin ƙamus na Hausa zuwa Rashanci da aka buga a Masko a 1963. A 1967 aka buga na Rashanci zuwa Hausa, aikin Laptukhin. Tsofaffin masu sauraron rediyo ba su manta da sashen Hausa na Rediyon Masko ba. Watau shekara sittin ke nan da ɗalibin Rasha yake da ƙamus ɗin da zai taimake shi ya karanta Magana Jari Ce. Shi kuwa ɗalibin Arewa, in yana son ya yi nisa a harshen Rasha, jami'o'in da suka yi suna a wannan fanni su ne Ibadan da Legas da Nsukka, dukkansu a Kudu. Ciniki ne da ɗaya ya san kuɗin kayan ɗan'uwansa, ɗayan kuwa yana taya abin da ke cikin buhu.

Akwai ma wata dangantaka da ba kowa ya sani ba. Alekzanda Fushkin, wanda Rashawa suke ɗauka uban adabinsu na zamani, tattaɓa-kunnen ɗan Afirka ne. Kakan mahaifiyarsa, Abram Ganibal, an kai shi fadar Sarki Fita Babba yana yaro, ya girma ya zama janar. Wani masanin tarihi ɗan Jamhuriyar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjoji a littafinsa na 1996 cewa yaron nan daga Logon Birni aka ɗauke shi, kusa da Tafkin Chadi, a ƙasar Kamaru ta yau. Shi Fushkin ɗin ne ya buga waɗansu gajerun labarai guda biyar a 1831, waɗanda daga kansu masana suke fara lissafin wannan fanni a Rasha.

Abin Da Ke Cikin Labaran

Mai karatu zai fi gane maganar in an ɗan buɗe masa kayan ya gani. A 1842 Nikolai Gogol ya buga labarin wani ƙaramin akawu mai suna Akaki, wanda ba shi da aiki a ofis sai kwafe takardu. Rigar sanyinsa ta tsufa har tela ya ce ba ta karɓar faci. Ya yi watanni yana tsuke bakin aljihu, ya bar shan shayin dare, ya bar kunna kyandir, har ya tara kuɗin sabuwa. Daren farko da ya sa ta, 'yan fashi suka tare shi suka tuɓe masa ita. Ya je wurin 'yan sanda ba a kula shi ba. Aka ba shi shawara ya ga wani babban mutum, babban mutumin kuwa ya daka masa tsawa don ya nuna wa baƙonsa cewa shi mai iko ne. Akawu ya koma gida cikin sanyi, zazzaɓi ya kama shi, ya mutu, ofis ma ba su sani ba sai bayan kwanaki. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba, ya ga ƙaramin ma'aikaci yana juya rigunan gwanjo a kasuwar Katako yana lissafin albashinsa a zuci, ba ya bukatar malami ya fassara masa wannan labari. Haka nan tsohon ma'aikacin da ya sha zaman benci a ƙofar ofis yana bin kuɗin fanshonsa.

Anton Cekof, wanda aka haifa a 1860 ya rasu a 1904, shi ne sarkin wannan fage. Kakansa bawan gandu ne da ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841. Mahaifinsa ɗan tireda ne da ya karye. Cekof ya fara rubuta 'yan labaran ban dariya a jaridu don ya ciyar da gidansu yana ɗalibin likitanci a Jami'ar Masko, ya gama a 1884, ya ci gaba da duba marasa lafiya yana rubutu har ya bar labarai ɗaruruwa. A cikinsu akwai na hawainiya, na shekarar 1884. Ɗan kwikwiyo ya ciji wani maƙerin zinariya a yatsa a tsakiyar kasuwa. Sufeton 'yan sanda ya zo ya ce sai an kashe karen an ci mai shi tara. Wani daga cikin taro ya ce kamar karen Janar ne. Nan take sufeto ya juya a kan wanda aka ciza, ya ce shi ya tsokani dabba. Aka ce ai ba na Janar ba ne, ya koma kan kare. Haka ya yi ta juyawa har aka tabbatar karen na ɗan'uwan Janar ne, ya sallami kare cikin girmamawa, ya yi wa mai yatsa barazana. Labarin bai wuce shafi uku ko huɗu ba, amma ɗalibin aikin lauya zai koyi abin da ke kashe shari'a a cikinsa fiye da abin da zai koya a doguwar lacca.

A 1886 Cekof ya rubuta labarin Banka, maraya ɗan shekara tara da aka kai Masko koyon ɗinkin takalmi. Ana dukansa, ana barinsa da yunwa. Wata rana da dare da masu gida suka fita, ya ɗauko takarda ya rubuta wa kakansa wasiƙa yana roƙonsa ya zo ya ɗauke shi. Da ya gama sai ya rubuta a bayan ambulan cewa a kai wa kaka a ƙauye, ya ƙara da sunan tsohon, ya ruga ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo ya yi barci da murna. Mai karatu ya san wasiƙar ba za ta isa ba, yaron ne kaɗai bai sani ba. Cekof bai yi wa kowa wa'azi ba, bai zagi mai gida ba. Amma wanda ya karanta labarin, in ya fito ya ga almajiri ɗan shekara tara da ƙoƙo a ƙofar gida, ko 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da wuya ya dube su kamar yadda ya dube su jiya. A wannan shekara kuma ya rubuta na wani tsoho mai keken doki da ɗansa ya mutu a cikin makon. Duk fasinjan da ya ɗauka sai ya fara ba shi labari, babu mai saurare. A ƙarshe ya shiga barga ya zauna ya ba goɗiyarsa labarin tun daga farko. A garin da ya binne mutane a rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba na 2008, da na Janairu na 2010, akwai masu tuƙa Keke Napep da yawa da ke ɗauke da irin wannan kaya a zuci.

Sai Liyo Tolstoi, wanda shi ma a 1886 ya rubuta labarin wani manomi mai suna Fahom, da ƙasa ba ta isarsa. Ya ji labarin waɗansu makiyaya da ke sayar da fili a kan kuɗi ƙayyadadde, duk iyakar abin da mutum ya zagaye da ƙafa a yini guda nasa ne, da sharaɗin ya dawo inda ya tashi kafin rana ta faɗi. Fahom ya yi ta faɗaɗa zagaye saboda kwaɗayi, har ya ga rana ta yi ƙasa, ya sheƙa da gudu, ya iso daidai faɗuwarta, ya faɗi matacce. Baransa ya haƙa masa kabari, iyakar filin da ya samu ke nan. A jihar da gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, da ta gona da burtali, ta ci rayuka masu yawa, in aka zaunar da ɗan Birom da ɗan Fulani da ɗan Hausa da ɗan Angas a aji ɗaya suka karanta wannan labari, za su iya yin maganar ƙasa ba tare da kowa ya ji an ambaci ƙabilarsa ba. Wannan ita ce fa'idar labarin nesa. Hannunka mai sanda ne, kowa ya ga kansa a ciki ba a kira sunansa ba.

Don Me Sai Jos

Jami'ar Jos ta fara ne a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a watan Nuwamba na 1971, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Daga unguwar Kwararafa zuwa harabarta ta kan Titin Bauci tafiyar 'yan mintoci ce. A fagen gajeren labari wannan jami'a tana da abin nunawa. Helon Habila, wanda ya karanta Turanci a cikinta, shi ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001, shi ne kuma ya tattara babban kundin gajerun labaran Afirka da kamfanin Granta ya buga a 2011. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda ya karanta aikin jarida a wannan jami'a, da tarin gajerun labarai ya fara, The Whispering Trees, a 2012, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Caine a 2013, kana ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016. Gonar da ta ba da irin wannan amfani, ita ta fi cancanta a ƙara mata taki.

Bayan haka Jos garin majigi ne. Nan ne hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, nan ne makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, nan ne kwalejin talabijin ta NTA. Dattawan gari suna tuna yadda samari ke cika silimar Kwararafa don kallon finafinan Indiya. Kowa ya san kukan da ake yi da finafinan Hausa, cewa labarinsu ɗaya ne, soyayya da kishiya da gadon marigayi, ana ta jan sa kamar ƙosai da ruwa ya yi wa yawa. Maganin wannan ciwo yana wurin marubuci. Wanda ya koyi yadda Cekof yake gina mutum sukutum a shafi huɗu, ya kuma san inda ake tsayawa a bar mai kallo ya ƙarasa da kansa, shi zai rubuta fim ɗin minti ashirin da za a daɗe ana maganarsa.

Sa'an nan akwai tarihin garin kansa. Kuza ce ta gina Jos. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki sun ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa suka kawo su haƙar kuza a kan tilas, abin da jama'a suka kira diban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, amma littafin masana ne, da Turanci. A Rasha, wani marubuci mai suna Barlam Shalamof ya yi wajen shekara goma sha bakwai a gidajen yari da sansanonin aikin tilas, galibi a Kolima inda ake haƙar zinariya cikin ƙanƙara. Da ya fito sai ya mai da abin da ya gani gajerun labarai, ya yi ta rubuta su daga 1954 zuwa 1973, ba a yarda an buga su a ƙasarsa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Jikokin waɗanda aka yi diban gwamna da su suna nan a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, tafkunan da haƙar kuza ta bari suna nan. Ɗalibin da ya ga yadda Shalamof ya yi, zai san yadda zai zauna gaban kakarsa da alƙalami kafin ƙasa ta rufe abin da ta sani.

Masu Suka Da Amsarsu

Akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, yara na gama jami'a babu aikin yi, a koya musu kwamfuta da noma. Gaskiya ne ana bukatar kwamfuta da noma, ba wanda ya ce a rage musu ko awa ɗaya. Amma ɗaliban sashen Turanci da na harsuna suna nan, kowace shekara ana ɗaukar su, kuma tilas su karanta wani abu. Maganar ita ce me za a ba su. Fassara sana'a ce da ake ci da ita a gidajen rediyo da jaridu da kotuna da ƙungiyoyin agaji. Rubutun labari ma sana'a ce, tun da ga shi sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata tun 2016, mata kuma suna shiga da yawa kowace shekara. Ai Cekof ma da gajeren labari ya biya kuɗin haya.

Waɗansu kuma za su ce al'adun Rasha ba na Musulmi ba ne, ba kuma irin na Kiristan ƙasar nan ba ne, kada a kawo wa yara gurguzu da shan barasa. Amsar farko ita ce, Fushkin da Gogol da Cekof da Tolstoi duk sun mutu kafin juyin gurguzu na 1917. Amsa ta biyu tana cikin tarihin rubutun Hausa kansa. Alhaji Abubakar Imam, da ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wadda aka buga daga 1937 zuwa 1939, ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da hikayoyin Indiya da Farisa, ya sa musu riga da hula ya zaunar da su a fadar sarkin Hausa. Yau babu mai cewa littafin baƙo ne. Malami mai hankali shi zai zaɓi abin da zai karantar, cikin ɗaruruwan labarai ba za a rasa goma sha biyu da za a karanta gaban kowane uba ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta siyasa. Rasha ta shiga Yukuren da yaƙi a watan Fabrairu na 2022, sojojin hayarta sun yi aiki a Mali da Afirka ta Tsakiya, kuma tana neman magoya baya a wannan nahiya ido rufe. Mai wannan suka yana tsoron kada aji ya zama dandalin farfaganda. Tsoron yana da tushe, amma tarihin marubutan nan shi ne maganinsa. A 1849 an tsayar da Dostoyefski gaban masu harbi, sai a minti na ƙarshe aka mai da hukuncin ɗaurin shekara huɗu a Saiberiya. A 1852 an tsare Iban Turgenef wata guda, aka kuma hana shi barin gandunsu, a shekarar da ya fitar da littafin labaran da ya nuna wa masu mulki cewa bayin gandu mutane ne masu hankali da zuciya. Shekara tara bayan haka, a 1861, aka 'yanta bayin gandu sama da miliyan 20. A 1890 Cekof ya yi tafiyar wata da watanni zuwa tsibirin Sakalin don ya ga yadda ake azabtar da fursunoni, ya dawo ya rubuta. A 1901 cocin gwamnati ya kori Tolstoi. A watan Janairu na 1940 gwamnatin Stalin ta harbe Ishaku Babel, ɗaya daga cikin gwanayen gajeren labari. Shi Gogol ma a ƙasar Yukuren aka haife shi, Babel kuwa a Odesa. Saurayin da ya san wannan tarihi zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki tutar kowace ƙasa yana zaton a can talaka ba ya kuka. Wanda kuma yake ƙin Rasha don abin da gwamnatinta ke yi, zai gane cewa gwamnati daban, mutane daban.

Saura masu cewa a fara da na gida tukuna. Wannan magana daidai ce, kuma babu saɓani. A ajiye Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, mai maganar bauta, kusa da labaran Turgenef. A ajiye Ruwan Bagaja kusa da ban dariyar Gogol. Ɗalibi ba ya sanin tsawon abin da ke hannunsa sai ya gwada shi da na wani.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Aikin ba ya bukatar sabon gini ko biliyoyin naira. A watan Disamba na 2022 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da ita. Ƙofa a buɗe take ke nan. Majalisar malaman Jami'ar Jos tana iya tsara darasi na zango guda a kan gajeren labarin Rasha, daga Fushkin zuwa Shalamof, labari goma sha biyu, ɗaya kowane mako, a buɗe shi ga ɗaliban Turanci da harsunan Nijeriya da wasan kwaikwayo da aikin jarida.

Littattafan ma ba za su ci kuɗi ba. Wata Baturiyar Ingila, Constance Garnett, ta fassara labaran Cekof zuwa Turanci cikin littafi goma sha uku daga 1916 zuwa 1922. Haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna nan kyauta a intanet, haka ma tsofaffin fassarorin Gogol da Turgenef da Tolstoi. Ga jami'ar da gobara ta cinye mata babban ɗakin karatu a watan Oktoba na 2016, littafin da ɗalibi zai sauke a wayarsa ba tare da biyan ko kwabo ba abin a yi maraba da shi ne.

Jarrabawar darasin kada ta zama haddar sunaye da shekaru. Kowane ɗalibi a ba shi aiki biyu. Na farko ya juya labari ɗaya zuwa Hausa, ko Birom, ko Angas, ko Tarok, ko duk harshen da ya sha a nono. Na biyu ya rubuta nasa labarin da bai wuce shafi biyar ba, a kan wani mutum na Jos, ko mai gadi, ko 'yar talla, ko ɗan kasuwar da gobarar babbar kasuwar Tamina ta 2002 ta mayar da shi baya. Waɗanda suka fi kyau a buga su cikin ɗan littafi kowace shekara, a kuma ba gidan rediyon jiha ya riƙa karanta su da dare, domin tsohuwar da ba ta yi boko ba ita ma ta samu rabonta.

Gaskiya ne fassara daga Turanci fassarar fassara ce, kamar miyar da aka ɗumama sau biyu. Da ita za a fara, amma kada a tsaya nan. Asusun TETFund yana biyan kuɗin ƙaro ilmin malaman jami'a. A zaɓi matasan malamai biyu ko uku masu ƙarfi a Hausa, a tura su Ibadan ko Legas su koyi Rashanci sosai, su dawo su juya labaran kai tsaye daga tushe. Tsofaffin likitoci da injiniyoyin da suka yi karatu a Sobiyet, waɗanda yanzu suka yi ritaya, a gayyace su su taimaka, da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kuɗin aikin ya fito daga aljihun Nijeriya, zaɓen labaran kuma ya zauna a hannun malaman Jos, kada wani ofishin jakadanci, na Gabas ko na Yamma, ya sa baki.

In Jos ta fara, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su ga amfanin abin su bi sahu. Ranar da yaron Kwararafa zai karanta labarin akawu da rigar sanyinsa cikin Hausa mai daɗi, ya ajiye littafin ya ɗauki biro ya rubuta na mahaifinsa, ranar ce za a ce huldar da aka ƙulla tun 1960 ta haifar wa talakan Arewa abin da zai riƙe. Allah ya sa shugabannin jami'a su duba wannan magana da idon basira, amin.